ZAMAN JIRGI A KOGUNAN INGILA: A KARANTA KAFIN A ZUBA KUƊI

 A taronmu na watan jiya, bayan an ƙare maganar kuɗin jana'iza, wani dattijo daga cikinmu ya miƙe ya kawo ƙarar ɗansa. Ya ce yaron ya ƙosa da biyan haya, ya tara 'yan kuɗinsa, yana so ya haɗa da kwasar adashin uwarsa, wai zai sayi jirgin ruwa su koma ciki da zama, shi da amaryarsa. Da jin haka sai wuri ya kaure da dariya. Amma kafin a tashi, sai ga mutum uku sun ce su ma 'ya'yansu sun taɓa kawo musu wannan zance. To, abin da ya shiga gida huɗu ya wuce a yi masa dariya. Saboda haka aka ɗora mana nauyin mu bincika, mu rubuta abin da muka samo a wannan takarda tamu. Mun bi dokokin mun karanta, kuma da ya ke gani ya kori ji, mun taka har bakin ruwa mun gaisa da mazauna jiragen, cikinsu har da wani ɗanmu wanda ya shekara biyu a ciki. Ga abin da muka gano.

ASALIN KOGUNAN

Yawancin waɗannan koguna da ku ke gani suna ratsa Landan da Bamingam da Mancesta, hannu ne ya haƙa su, su ne Turawa ke kira kanal. Cikin 1761 aka buɗe na Bridgewater, wanda James Brindley ya yi aikinsa, domin a riƙa kai kwal daga Worsley zuwa Mancesta. Ba a daɗe ba kuɗin kwal ya faɗi wajen rabi a garin. Dalili kuwa, doki ɗaya yana tafiya a gefen ruwa ya kan ja jirgi mai kayan da ya kai tan 30. Daga nan fa sai haƙa ta barke ko'ina. Na Regent's, wanda ya tashi daga Paddington ya ƙare a Limehouse, an gama shi cikin 1820, tsawonsa mil 8 da rabi. Na Grand Union, daga Landan zuwa Bamingam, mil 137 ne, da ƙofofin ruwa 166.

Ƙofar ruwa wani ɗaki ne na gini mai ƙyaure gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe, a cika ɗakin da ruwa jirgin ya hau tudu, ko a zubar ya sauka gangare. Da yawa daga cikin ɗakunan nan faɗinsu ƙafa 7 ne kawai, tsawo kamar ƙafa 72. Shi ya sa a ke ƙera jiragen sirara, faɗinsu ƙafa 6 da inci 10. Duk mai tunanin zama a ciki ya fara auna wannan a ɗakinsa da igiya, ya gani.

Zama cikin jirgi kuwa talauci ne ya fara kawo shi. Sa'ad da jirgin ƙasa ya fito, daga 1830 zuwa gaba, kuɗin dakon ruwa ya karye. Matuƙa suka kasa riƙe gida a tudu, suka kwashe matansu da 'ya'yansu suka zuba su cikin ɗan ɗakin bayan jirgi wanda bai fi ƙafa goma ba, iyali suka zama su ne ma'aikata. Wani mutum, George Smith na Coalville, ya yi ta kuka a kan halin da yaran nan ke ciki, har Majalisa ta yi doka cikin 1877, ta ƙara gyara ta cikin 1884, domin a rubuta jiragen, a ƙayyade yawan masu kwana ciki, a kuma kula da karatun yara.

Gwamnati ta karɓe yawancin kogunan cikin 1948. Hunturun 1962 zuwa 1963 ruwan ya daskare wajen wata uku, jirage suka tsaya cik, masu kaya suka koma wa motoci, dakon ruwa bai sake farfaɗowa ba. Da ba domin masu sha'awa ba, irin su L. T. C. Rolt da Robert Aickman waɗanda suka kafa ƙungiyar Inland Waterways Association cikin 1946, da an cike kogunan da yawa da ƙasa. Cikin Yuli 2012 aka miƙa na Ingila da Wales ga wata hukuma ta amana, Canal & River Trust, wadda ke riƙe da hanyar ruwa wajen mil 2,000 da jirage masu lasin kamar 35,000.

Yau kuma tsadar haya ce ke sake tura mutane ruwa. A ƙidayar hukumar, jiragen da ke kogunan Landan sun tashi daga dubu biyu da 'yan kai cikin 2012 zuwa fiye da 4,000 cikin 2019. Jirage sun yi yawa, bakin ruwa kuwa bai ƙaru ko da taku ɗaya ba. Nan ne tushen dukan rigimar.

SHARUƊA UKU NA LASIN

Abin da matasanmu da yawa ba su gane ba shi ne, wanda ya sayi jirgi, jirgi kaɗai ya saya. Ruwan da ke ƙarƙashinsa da gaɓar da zai ɗaure duk na wasu ne. Ba ya halatta jirgi ya zauna a ruwan hukumar sai da lasin, kuma dokar 1995, sashe na 17, ta sa sharuɗa uku.

Na farko, inshora wadda za ta biya in ka yi wa wani ɓarna, hukumar kuwa ba ta karɓar wadda ta gaza fam miliyan 2. Na biyu, takardar shaidar lafiyar jirgi, watau a duba gas da wutar lantarki da man inji da murhu, a kan sabunta ta duk shekara huɗu. Na uku shi ne babba: ko dai ka nuna kana da wurin ɗaurewa naka na halal, wanda a nan za mu kira turke, ko kuwa ka gamsar da hukuma cewa tafiya za ka riƙa yi da gaske, ba za ka wuce kwana 14 a wuri ɗaya ba, sai in da wani uzuri karɓaɓɓe. Kuɗin lasin ya danganta ga tsawon jirgi da faɗinsa. Na jirgi mai ƙafa 57, wanda shi ne matsakaici, ya haura fam 1,000 a shekara.

MAI TURKE

Turke iri biyu ne, kuma a nan mutane da yawa su kan faɗa rami. Akwai na shaƙatawa, inda a ke ajiye jirgi a zo a kwana ran hutu. Akwai kuma na zama, wanda ƙaramar hukumar yankin ta ba da izni a zauna a kansa dare da rana. Na zaman nan shi ke da adireshi, ya kan zo da famfo da lantarki, mai shi kuma ya kan biya harajin kansul, yawanci na mataki mafi ƙanƙanta. Amma ƙalilan ne ƙwarai, a kan yi layi ko gwanjo a kansu, kuma a tsakiyar Landan akwai inda kuɗinsa ke wuce fam 1,000 a wata. Kun ga ke nan an gudu daga haya an faɗa haya.

Wanda ya kama turken shaƙatawa domin araha, ya ɓoye yana zaune a kai, kullum gabansa na faɗuwa, domin ran da aka gane za a iya sallamarsa. Ko mai turken zama ma ba shi da irin kariyar da doka ta ba ɗan haya a gidan tudu. Yarjejeniya ce tsakaninsa da mai wurin, in wa'adi ya cika mai wurin ya ƙi sabuntawa, sai kwance igiya. Haka kuma in za ka sayi jirgi aka ce maka da turkensa, kada ka yarda da faɗar baki. Je wurin mai gaɓar da kanka, ya rubuta maka cewa ya yarda turken ya koma sunanka.

MARAR TURKE

Da yawa daga cikin jiragen ba su da turke, kuma wannan ita ce hanyar da ke jan hankalin yaranmu, domin ba a biyan kuɗin gaɓa, ba a biyan harajin kansul. Sai dai araha ba ta ado. Ga yadda hukumar ta fassara dokar. Kwana 14 in sun cika sai ka tashi, kuma matsawa 'yan taku ba ta isa ba, sai ka koma wata unguwa dabam. Daga ta biyu sai ka wuce ta uku, ba ka juyo ta farko ba. Sa'an nan cikin shekarar lasin ana so a ga tsakanin iyakar tafiyarka ta nan da ta can ya kai mil 20 ko fiye.

Cikin 2011 wata kotu a Bristol ta duba shari'ar wani mazaunin jirgi da ke kai da kawowa cikin wajen mil 10 tsakanin Bath da Bradford on Avon domin ya zauna kusa da wurin aikinsa. Alƙali ya ce wannan bai cika sharaɗin tafiya da gaske ba. To, mai aiki a Landan, ko mai yara a makaranta, sai ya tsaya ya yi lissafi. Wata biyu yana kusa da wurin aiki, wata biyu kuma yana can bayan gari, inda sai ya yi tafiyar ƙasa cikin duhu da taɓo kafin ya kai tashar jirgin ƙasa.

Hukumar tana da ma'aikata masu bin gaɓa a ƙafa ko a keke suna rubuta lambar kowane jirgi da inda suka gan shi. Wanda aka ga ba ya tafiya sosai, a kan fara aika masa da gargaɗi, sa'an nan a ba shi gajeren lasin na wata shida domin gwaji. In bai gyara ba, a hana shi lasin sai ya nemo turke. Jirgin da ba shi da lasin kuwa, dokar 1983, sashe na 8, ta ba da ikon a fid da shi daga ruwa bayan sanarwar kwana 28. In jirgin gidan mutum ne, hukumar ta kan je kotu tukuna. Amma ƙarshen hanyar dai ɗaya ne, mutum ya wayi gari ba gida.

Akwai sassauci ga mai uzuri. In inji ya lalace, ko rashin lafiya ta kama ka, ko ruwa ya daskare, sai ka yi maza ka sanad da hukuma a ƙara maka kwanaki. Mai ciki da naƙasasshe suna iya neman a sauƙaƙa musu a ƙarƙashin dokar daidaito ta 2010. Da hunturu kuma a kan sayar da iznin zama wuri ɗaya, daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu.

Ba kowa ne ya yarda da fassarar hukumar ba. Ƙungiyar mazauna jirage marasa turke, National Bargee Travellers Association, wadda aka kafa cikin 2009, tana cewa dokar 1995 ba ta ambaci mil ko ɗaya ba, gaskiya ne kuwa, ba ta ambata ba. Ita kuma hukumar tana cewa in kowa ya kafe inda ya ga dama, mai zuwa daga baya ba zai sami gaɓa ba. Bayan wannan ga maganar kuɗi. Cikin 2023 Gwamnati ta ba da sanarwa za ta riƙa rage taimakon da ta ke ba hukumar, wajen fam miliyan 52 a shekara, daga 2027. Daga Afrilu 2024 kuma aka ɗora wa marasa turke ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan lasin, an shirya zai yi ta hawa har ya kai kashi 25 cikin 2028. Wanda ya yi lissafinsa da farashin bana, to, baɗi sai ya sake.

LADUBBAN ƊAUREWA

Ana ɗaurewa ne a gefen da tsohuwar turbar doki ta ke, domin ɗaya gefen yawanci ƙasar mutane ce. Ba a ɗaurewa a bakin ƙofar ruwa, ko a wurin ɗibar ruwan sha sai don ɗiba, ko inda jirage ke juyawa, ko a kan kwana, ko bakin gada. Wasu wurare an kafa allo, sa'a 48 ko kwana 7, nan allon ne doka. Igiya ba ta gitta turba. Ba a tada inji ko janareta a tsaye daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Gudu bai wuce mil 4 a sa'a ba, in za ka wuce jiragen da ke ɗaure kuma sai ka rage ƙwarai. Inda wuri ya yi wuya a kan ɗaure jirgi a jikin jirgi, watau ka riƙa taka na maƙwabcinka kafin ka sauka, saboda haka sallama da haƙuri wajibi ne.

A sani kuma kowane ruwa da mai shi. Kogin Tems ba na wannan hukuma ba ne. Daga Teddington zuwa sama na Environment Agency ne, da nasa lasin dabam, daga nan zuwa teku kuwa na hukumar tashar jiragen Landan ne, kuma yawancin gaɓarsa akwai masu ita.

ABIN DA MUKA GANI

Mun sami ɗan namu da hantsi yana fama da buhun kwal. Ya shigar da mu, muka zauna a jere kamar a mota. Wurin tsaf, ga ɗumi, ga agwagi suna wucewa ta taga. Babban cikinmu ya tambaye shi, "Kai yaro, tsakaninka da Allah, da ƙanenka ne za ka ce ya shiga?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Baba, in gwauro ne mai ƙarfi, mai iya riƙe sifana, na ce ya shiga. In da mace da jariri ne, sai in ce ya dakata."

Ya nuna mana tankin ruwa, wanda sai ya tuƙa jirgin zuwa famfo ya cika, wani lokaci bayan dogon layi. Ya nuna mana masai, wani ɗan akwati da a ke zarewa a ɗauka a kai wurin zubarwa na musamman, domin haramun ne a zuba a kogi. Lantarki daga batir ne da faifan hasken rana, da rani ya wadata, da hunturu sai ƙaƙa. Danshi kuwa ba ya rabuwa da bango. Kusa da gadonsa akwai na'urar ƙararrawa mai jin iskar nan ta guba marar wari da murhu ke fitarwa, wadda ta sha kashe mutane cikin barci, an kuwa wajabta ta a jirage tun Afrilu 2019.

Babbar nadamarsa ita ce ya sayi jirgin daga hannun wani ba tare da an fid da shi daga ruwa gwani ya auna kaurin ƙarfen ba. Bayan wata takwas aka tarar tsatsa ta ci gindin, kuɗin walda ya lashe abin da ya tara na shekara guda. Ko lafiyayyen jirgi ma sai an fid da shi duk shekara biyu ko uku an shafe shi da baƙin fenti mai kwalta. Ya ce mu gaya wa jama'a, gida ya kan ƙara daraja, jirgi kuwa kamar mota ne, tsufa ya ke yi.

SALLA DA ZUMUNCI

Mu kuma akwai abin da ya shafe mu wanda takardun hukuma ba su faɗa ba. Alƙibla daga Landan kudu maso gabas ta ke, amma duk tashi sai an sake nemanta, kuma faɗin jirgin ba ya ɗaukar sahu. Ruwan kogin ba na sha ba ne, likitoci ma suna gargaɗi a kan wata cuta da a ke samu daga fitsarin ɓera a cikinsa, saboda haka alwala da wanka duk daga ɗan tankin nan ne. Wani ya tambaya ko mazaunin jirgi matafiyi ne, ya riƙa yin ƙasaru. Abin da muka karanta a Malikiyya, tafiyar ƙasaru mil 48 ce, kuma niyyar zaman kwana huɗu tana yanke ta. Mai matsawa mil biyu ya zauna kwana 14 bai shiga ciki ba. Amma a koma wa malamanmu. Haka kuma bankuna ba su ba da rancen gida a kan jirgi, sai wani rance dabam mai gajeren wa'adi da ruwa mai yawa, wannan ma abin tambayar malamai ne tun ba a sa hannu ba.

Babban Masallacin Landan na Regent's Park, wanda aka gama cikin 1977, yana dab da kogin Regent's, amma marar turke ba zai dawwama a nan ba. Juma'a fa, da makarantar allo ta yara, da suna, da ta'aziyya? In rashin lafiya ta kama mutum da tsakar dare, wace gada za a ce wa motar asibiti? Mai jego wa zai kai mata ruwan zafi? Ta fuskar hukuma dai akwai mafita, domin likitan unguwa a Ingila ba ya da ikon ƙin rubuta mutum don ba shi da adireshi, kuma ana iya shiga rajistar zaɓe ta hanyar takardar nuna alaƙa da unguwa. Zumunci ne ba a cike masa takarda.

Mu dai bai kamata mu yi wa mazauna jirgi dariya ba. Kalmar zango da a ke kiranmu da ita, asalinta wurin da ayarin fatake ke sauke kaya ne su huta su wuce. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja neman goro, suka yada zango a Salaga da Kumasi da Ankara, zangon ya zama gari, da masallaci da sarki da maƙabarta. Abin da ya sa ya zama gari, an bar su sun kafa turke. Marar turke a kogin Ingila doka ta hana shi wannan, duk kwana 14 sai ya ɗaura kaya.

SHAWARARMU

Ba mu ce kada kowa ya shiga ba, akwai waɗanda abin ya karɓa, suna jin daɗinsa. Amma muna roƙon duk wanda ya yi niyya ya bi waɗannan.

1. Ya fara kwana bakwai a jirgi cikin Janairu, kada ya yi gwajinsa cikin Yuli.

2. Ya nemi turke kafin ya nemi jirgi. In kuwa zai zama marar turke, ya ɗauki taswira ya auna mil 20, ya ga ko aikinsa zai jure.

3. Kada ya biya ko kwabo sai an fid da jirgin daga ruwa, gwanin da shi ya ɗauko ya duba, an kuma ba shi takardar ciniki da shaidar cewa mai sayarwa shi ne mai shi.

4. Kada ya kama hayar jirgi daga hannun mai lasin na kansa, domin ba da haya yana da nasa lasin da nasa sharuɗan lafiya.

5. Ya ware kuɗin gyara a gefe, kuma kada ya taɓa adashin uwarsa ko jarin wani.

6. Ya bar wa shugabanninmu lambarsa, ya riƙa faɗin inda ya sauka.

Dattijon da ya kawo ƙara, mun kai masa wannan bayani har gida, aka kira yaron aka karanta a gabansa. Ya yarda zai je ya yi mako guda wurin ɗan'uwansa in sanyi ya kama, kafin a sake zama. Abin da ya biyo baya za mu sanad da ku in Allah ya kai mu. Allah ya rufa mana asiri, ya ba kowa matsuguni na alheri, amin.